Riga Biyu, Ɗinki Ɗaya

Adawiyya na ɗaga labulen shagon, keken ɗinkin Laure ya tsaya cak. Laure ba ta tare ta da tsokanar da ta saba ba. Ta miƙe, ta leƙa titi hagu da dama, ta janyo ƙofar ƙarfen har ta kusa rufewa, sannan ta zaro wayarta daga ƙarƙashin tarin yadi.

"Zauna tukuna."

"Lafiya? Kira uku tun da safe kamar an yi rasuwa. Na baro yara a aji, hedimasta na ta harara ta."

"Nic ce ki zauna."

Adawiyya ta ɗosana a bakin benci. Laure ta miƙa mata wayar, ta kau da kai wajen bango.

Hoton mace ne daga wuya zuwa ƙugu, babu kai. Rigar atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye ruwan goro, ta zauna a jiki, ba gyale ba hijabi. An yi wa wuyan rigar yanka mai kusurwa uku, an bi bakinsa da ƙananan duwatsu farare. A ƙasa wani ya rubuta: "'Yar Kebbi ce, mai so ya yi magana." Bayan wannan akwai wasu hotuna uku na tsiraici, su ma babu kai. Waɗannan ba jikinta ba ne, ba ta ma taɓa ganinsu ba, amma an jera su yadda duk wanda ya kalla zai ɗauka mace ɗaya ce.

Na farkon kuwa ta san shi. Da hannunta ta ɗauke shi, a gaban madubin ɗakinta.

"Wata mai kawo min ɗinki ta turo min jiya, wai ko aikina ne, tana son irin wuyan," in ji Laure, muryarta a bushe. "Kwana huɗu ke nan shina yawo a wayoyin maza, daga nan har Argungu. Adawiyya, tun da na fara ɗinki sau biyu na taɓa yanka wuyan ga. Rigarki, da ta Ummu Hani."

Ummu Hani ƙanwar Sunusi ce, mijin Adawiyya da ya rasu. Sa'o'in juna ne, jikinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, kuma tun Adawiyya na amarya a Argungu suka shaƙu. Wata biyar da suka wuce, da aka fitar da ankon bikin Nana, 'yar babban wansu Sirajo, tare suka kawo wa Laure atamfar suka ce a yi musu iri ɗaya, a kuma yi abin da ba wadda za ta yi irinsa.

Adawiyya ta ɗago kai daga wayar. "Ba wanda ya san nawa ne."

"Ba wanda ya sani, gaskiyarki. Ran bikin ke da hijabi har ƙasa kika wuni, wa ya ga wuyan rigarki? Ita kuwa da ɗan gyale ta yi ta shiga hotuna." Laure ta karɓe wayarta ta kife ta a kan tebur. "Shekaranjiya mijinta Dikko ya kora ta gida. Da cikinta na wata shida."

A waje wani ɗan kabu-kabu ya wuce yana danna hon. Adawiyya ta zura wa zaren da ke lilo a bakin allurar keken ido, ta kasa ɗauke kai daga kansa.

* * *

Shekara biyu ke nan da motar albasa ta kife da Sunusi a hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi. Da Adawiyya ta fita takaba, Sirajo ya so a bar 'yarta Kausar a gidan ubanta. Yarinyar na da shekara uku a lokacin. Goggo Hodi, mahaifiyar marigayin, ita ta tsaya.

"Ba a raba ta da uwa tana ƙarama," ta ce. Sannan ta juyo ga Adawiyya. "Tahi da ita. Amma ɗiyar Sunusi ta, amana ta. Ranar da nij ji abin da bai gamshe ni ba, ranar za ta dawo."

Haka Adawiyya ta koma gidan mahaifiyarta, Inna Baiwa, a Gwadangaji, ta sami koyarwa a wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta. Masu neman aure ba su yanke ba. Wani ɗan kasuwa ya zo, wani ma'aikacin sakatariya ya zo, har da wani malamin kwalejin fasaha mai yawan turare. Duk hira kan yi daɗi har a iso kan Kausar, sai kowa ya gyara zama ya ce ai yarinya tana da dangin uba. Daga nan Adawiyya ba ta sake fitowa in sun yi sallama.

Wata abokiyar aikinta ce ta sa mata wata manhaja a waya, irin ta hira ta kyauta da manya ke neman abokin zama a ciki. Ta ce a nan mace na iya faɗin sharaɗinta tun farko ba tare da kunyar ido ba. Adawiyya ba mai garaje ba ce. Kafin ta rubuta kalma ɗaya sai da ta kafa wa kanta dokoki. Ba sunanta na gaskiya, ba lambar waya, ba fuska. Ta ce a Gusau take. Duk wanda ya buɗe baki da batsa, nan take take toshe shi, kuma sun fi yawa.

Sai ga Abdussamadu. Ya ce injiniya ne a Kaduna, matarsa ta rasu wajen haihuwa. Da ta ce tana da 'ya kuma ba za ta rabu da ita ba, amsarsa ta sa ta ajiye wayar a cinya ta daɗe tana kallon tsakar gida: "Wanda ya so uwa ya ƙi 'yarta ai ba uwar yake so ba."

Wata uku suna hira, yawanci bayan la'asar in ta gama duba littattafan yara. Ya san ranar da Kausar ta haddace Fatiha. Ya tambayi irin takalmin da take so. Bai taɓa furta kalmar da za ta sa ta tsargu ba, shi ya sa ranar da ya nemi hoto ba ta ji komai ya motsa a ranta ba.

"Ba sai da fuska ba," ya rubuta. "Na san mutuncinki. In dai ga alamar cewa mutum nake magana da shi."

Ta duba wayarta ta ga wanda ta ɗauka da safiyar bikin Nana, kafin ta zura hijabi, don kawai ta ga yadda ɗinkin ya zauna. Ta yanke kan. Ta duba bayan hoton da kyau, ba kalanda, ba hoton kowa, bango ne fari. Ta tabbata ba abin da zai nuna ko ita wace ce. Atamfa dai atamfa ce, ana sayar da ita a kowace kasuwa. Ta tura.

Washegari ya nemi wani hoton, wanda ba riga a jikinta. Ta ɗauka wani ne ya ɗauki wayarsa. Da ta gane shi ne, ta rubuta masa cewa ya ji tsoron Allah. Amsar ta zo nan da nan, kuma kamar ba mutumin da ta sani wata uku ba.

"Ke da ke Gusau? Manhajar na nuna min kilomita huɗu ne tsakaninmu tun ranar farko. Ki turo, ko in nuna wa garinku wannan."

Ba ta taɓa sanin wayar na faɗin inda take ba. Nan take ta toshe shi, ta goge manhajar gaba ɗaya. Kwana da kwanaki ta riƙa kallon fuskar duk namijin da ya dube ta a bakin titi. Da mako biyu suka wuce shiru, ta lallashi kanta da cewa barazana ce kawai. Ko ya yaɗa, me zai nuna? Mace ce ba kai.

Ta manta cewa anko ba atamfar kasuwa ba ce. Mata talatin da 'yan kai ne suka sa ta a rana ɗaya, a gida ɗaya, kuma kowace ta san ɗinkin kowace.

* * *

Ba ta koma aji ba ranar. Ta ɗauko Kausar da wuri, ta yi mata wanka, ta zuba mata tuwon shinkafa, ta zauna tana kallon yadda take tsame kuɓewa da yatsa tana ajiyewa a gefen kwano. Da yarinyar ta fita wasa, ta durƙusa a gaban Inna Baiwa ta faɗa mata komai, ba ta rage ko ɗaya ba.

Tsohuwar ta saurare ta har ƙarshe. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi yi wa Adawiyya ciwo ke nan.

"Ita Ummu Hanin ta san kina da irin rigar?"

"Tare munka ɗinka, Inna."

"Kuma kwana biyu tana gida ba ta ambaci sunanki ba?"

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Adawiyya. Kalma ɗaya ta ishi Ummu Hani ta wanke kanta. Ba ta furta ba.

Ta shiga ɗaki ta buɗe akwati. Rigar na nan a ninke, da ƙamshin turaren wuta na ranar bikin. Ashana na kan taga. In ta ƙone ta, Laure ba za ta yi magana ba, Ummu Hani ma ga alama ba za ta yi ba. Magana kan yi zafi ta huce. Dikko zai sauko, maza kan sauko. Kausar za ta ci gaba da kwana a bayanta, tana cusa ƙafa cikin zaninta.

Ta tsaya da rigar a hannu har aka kira magariba. Daga ƙarshe ta saka ta a baƙar leda ta cusa a jaka. Ba ta yanke shawarar komai ba. Ta dai ce wa kanta za ta je ta ga Ummu Hani da idonta.

Da safe ta bar Kausar wajen Inna. Wannan kam ta yanke shi tun a daren: ba za ta kai yarinyar Argungu da ƙafarta ba.

* * *

Motar ta sauke ta a tashar Argungu da hantsi. Gidan Goggo Hodi na nan yadda ta bar shi, da babbar tukunyar turara shinkafa a kan murhu da shinkafa shanshera shanye a kan tamfal, kaji na satar ido. Goggo na juya shinkafar da ƙafa. Ta rame.

"Ɗiyata, kin ji abin da ya same mu ke nan." Ta riƙe hannun Adawiyya da hannu biyu. "Allah shi yi miki albarka da kika zo. Ina kishiyar tawa?"

"Tana makaranta, Goggo."

"Shiga ki ba 'yar'uwarki baki. Ta ƙi ci, ta ƙi magana. Nit tambaye ta har na gaji, sai dai tac ce ba ita ba ce, daga nan shiru."

Ummu Hani na kwance a kan tabarma a ɗakin Goggo, ta juya wa ƙofa baya. Da ta ji muryar Adawiyya ta tashi zaune da ƙyar, tana tallafe da ciki. Idonta ya sauka kan jakar, ya tsaya.

"Mi ke cikin nan?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

Adawiyya ta ƙara matse jakar a jikinta.

"Matar yaya, kada ki soma." Ta kamo gefen hijabinta. "Na san ba halinki ba ne, ko mi ya faru yaudararki anka yi. Ki saurare ni. Ni ina da ciki. In na haihu dole Dikko shi zo suna, dole a zauna, zai maida ni. Ke kuwa kina buɗe baki Yaya Sirajo zai ɗauke Kausar. Shekara biyu shina jiran dalili."

"Ana zaginki a gari saboda ni."

"To, a zage ni. Zagi na kashewa? Ita kaɗai Yaya Sunusi ya bari. Na fi son ta tashi a hannunki." Ta yi wani guntun murmushi. "Dama ni na matsa a sa duwatsun nan. Kika ce sun yi yawa, nic ce ke baƙauya ce."

Dariya ta kuɓuce wa Adawiyya tare da hawaye. Ta zauna kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa. A ranta ta ji wani sauƙi mai kama da kunya. An ba ta hanya, kuma wadda aka zalunta ce ta ba ta. Za ta wuni, ta lallashe ta ta ci abinci, ta bi motar la'asar ta koma wajen 'yarta.

Sallamar Sirajo ce ta katse su. Daga fadama yake, ana jin ƙarar takalmin robarsa a tsakar gida. Bai san da baƙuwa a ɗaki ba.

"Goggo, na biya wajen Dikko."

"To? Mi yac ce?"

"Ya ƙi saurare na. Wai ko cikin ma yanzu bai yarda nashi ne ba. Yac ce in ta haihu kada a aika mishi, ba shi yanka rago."

Aka ji faɗuwar wani abu, kamar Goggo ta saki muciya. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Adawiyya ta dubi Ummu Hani. Ba mamaki a fuskarta. Ta riga ta sani, tun ranar da aka koro ta, ta ɓoye. Hannunta na kan cikin, tana shafa shi a hankali.

"Matar yaya," ta ce. "Don Allah."

Adawiyya ta zare hijabinta daga hannunta, yatsa bayan yatsa, ta ɗauki jakar ta fita.

* * *

Ta durƙusa a gefen tamfal, ta kwance ledar, ta shimfiɗa rigar a ƙasa tsakaninta da su. Rana ta bugi duwatsun wuyan.

"Goggo, Yaya, riga biyu ce. Wannan tawa ce. Hoton da ke da riga ni ce, ni na ɗauka, ni na tura wa wani da ya ce zai aure ni ya riƙe yarinyar. Sauran hotunan ban san ko na wa ne ba, na rantse da Allah. Ummu Hani ba ta san komai ba."

Ta faɗi sauran a taƙaice, idonta a kan shinkafar da ke shanye. Ba wanda ya katse ta. Da ta gama, kaza ɗaya ta hau tamfal tana tsattsaga, ba wanda ya kore ta.

Sirajo ya ciro wayarsa daga aljihu, ya lalubo hoton ba tare da dogon nema ba, ya duba shi, ya dubi rigar.

"Ita ce," ya ce. "Matar ƙanena. A wayar kowane ɗan tasha."

Adawiyya ta ɗago kai. Ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba sai ranar.

"Yaya, a ina Dikko ya gan shi?"

"A wani guruf."

"Wane irin guruf ne ake tura irin waɗannan, har shi yana ciki?"

Fuskar Sirajo ta ɗaure. Ya mayar da wayar aljihu. "Ba shi ne maganar ba. Ke za ki yi min tambaya yau?"

Goggo Hodi ta zauna a kan turmin da ke kife. Ta daɗe tana kallon rigar. Da ta yi magana, ba tsawa a muryarta, gajiya ce kawai.

"Da kin ƙone ta, da ba mu sani ba har abada."

"Haka ne, Goggo."

"Kin wanke min ɗiya, kin wanke abin da ke cikinta. Wannan Allah shi saka miki." Ta goge ido da bakin zani. "Amma na yi miki magana ranar da kika bar gidan ga. Gobe duk Argungu ta san ke ce. Yarinya mace ta, za ta girma, za a nemi aurenta, za a tambayi hannun da ta tashi. Ba ni iya tsaya miki karo na biyu, Adawiyya. Bakina ya mutu."

"Goggo, ban yi abin da suke faɗa ba."

"Na yarda. Ni na yarda. Gari fa?"

"Ran Juma'a in an sauko ina zuwa," in ji Sirajo. "A haɗa mata kayanta. In kuma alƙali kike so, mu je. Duk abin na nan cikin wayata, sai a nuna mishi a gaban jama'a."

Daga cikin ɗaki aka ji kukan Ummu Hani, irin wanda ake toshewa da matashin kai.

* * *

Inna Baiwa ta je wajen wani malami a unguwarsu. Ya ce a shari'a uwa ce ta fi cancanta da riƙon 'yarta muddin ba ta yi aure ba, kuma hoto ɗaya da riga ba hujja ba ne. Ya ce su kai ƙara. Adawiyya ta kwana biyu tana juya maganar. Ta hango ɗakin shari'a cike, waya na yawo daga hannu zuwa hannu, ana kiran sunanta da sunan Sunusi da na Kausar da ƙarfi, wasu a bakin taga suna ɗauka da nasu wayoyin. Abin da yanzu raɗe-raɗi ne zai zama labarin da za a riƙa ba wa yarinyar har ta tsufa. Ta ce wa Inna a bari.

Mutumin da ya kira kansa Abdussamadu kuwa, ba wanda ya neme shi. Ba suna, ba lamba, ba fuska. Dokokin da ta kafa don kare kanta, shi ma irinsu ya bi, nasa ne kawai suka yi aiki.

Ranar Alhamis ta wanke kayan Kausar kaf, ta goge, ta jera a jaka. Ta yage takarda daga littafin darasi ta rubuta wa Goggo: ba ta cin kuɓewa, gyaɗa na sa mata ƙaiƙayi, tana tsoron shiga bayi ita kaɗai, a riƙa raka ta ko da rana ne. Ta karanta, ta ƙara cewa in ta yi shiru da yawa to fitsari take ji tana kunyar faɗa. Takardar ta cika gaba da baya.

Sirajo ya zo bayan an sauko daga masallaci, bai shigo ba. Kausar ta yi ta tsalle da ta ji za a shiga mota a je wajen Goggo, a ga kogi.

"Umma, ke ba ki zuwa?"

"Ina nan tafe. Ki gaida Goggo. Ki riƙa yin addu'a kafin ki kwanta."

Ta raka ta har bakin zaure, ta tsaya daga ciki. Ba ta yi kuka ba sai da ƙarar motar ta ɓace.

* * *

Sai da aka yi wata ɗaya Goggo ta aiko cewa tana iya zuwa. A lokacin Dikko ya mayar da Ummu Hani, bayan an kai masa rigar ya gani da idonsa. Bai ba kowa haƙuri ba. A Gwadangaji kuwa iyaye uku sun cire 'ya'yansu daga ajin Adawiyya, hedimasta ya mayar da ita ofis tana buga takardu inda ba mai ganinta.

Ta isa Argungu da ledar lemo da sabon silifa. Sirajo ya ce a zaure za su gana. Aka shimfiɗa mata tabarma a can kamar baƙuwa.

Kausar ta fito da gudu, sai kuma ta ja birki taku biyu kafin ta iso. An yi mata kitso ƙanana, an ja shi sosai har goshinta ya ɗaga. Ta tsaya tana leƙen fuskar uwarta.

"Zo mana. Ba ki gane ni ba?"

Yarinyar ta matso a hankali ta zauna a cinyarta, ba ta saki jiki ba, kamar mai tsoron fama ciwo.

"Umma, kin warke?"

"Warke daga mi?"

"Goggo tac ce ba ki da lafiya, shi ya sa nike nan. Tac ce in kin warke za ni koma gida."

Adawiyya ta dubi ƙofar cikin gida. Goggo na tsaye daga bayan labule, ana ganin ƙafafunta kawai. Ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba.

"Kina shan magani?" Kausar ta tambaya.

"Ina sha."

"Kullum?"

"Kullum."

"To yaushe za ki warke?"

Adawiyya ta janyo ledar da ta zo da ita. Ta shiga ɓare lemo, ɓawon na karyewa ƙanana-ƙanana a hannunta. Yarinyar ta miƙe a kan gwiwa, ta ture bakin hijabin uwarta baya, ta ɗora bayan hannunta a goshinta. Ta daɗe a haka, ta ɓata fuska irin ta manya. Sannan ta juya wajen labulen.

"Goggo, zo ki taɓa ki ji. Jikinta ba zafi."

Ƙafafun da ke bayan labulen ba su motsa ba.